Camama a Bakin Iyaka

Duk wanda ya yi ƙuruciya a ƙasar Bagudo a ƙarshen shekarun 1990 ya san fim bai shigo mana ta ƙofar silima ba. Kanawa suna da su Plaza da Orion da Marhaba da Eldorado, inda samari ke raba dare suna kallon Indiya da Canis tun kafin a haife mu. Mu namu rabon motar kasuwa ya biyo, cikin kwali ɗaya da batir da ashana da maganin sauro. Ɗan kasuwa zai sari kaset a Ƙofar Wambai, ya biyo da shi ta Jega, ya sauke wasu a garin Bagudo, ya ƙetare Kwara da ragowar zuwa Ka'oje da Illo da Lolo da Tsamiya. Daga nan kuma ba mai iya ce maka ga inda kaset zai kwana. Wanda aka gama kallo a Tsamiya ranar Juma'a, kana iya iske shi a Segbana kafin wata Juma'ar, kwalinsa ya yage, an rubuta sunansa da biro a jikin takardar sigari an manna.

Iyakar da ke tsakaninmu da Jamhuriyar Benin a takarda ta fi ƙarfi. Ingila da Faransa ne suka shata ta bayan yarjejeniyarsu ta 1898, suka tsaga ƙasar Bargu biyu, Illo ta faɗo hannun Ingilishi, Nikki ta faɗa hannun Faransa. Amma mutumin Lolo yana da suruki a Malanbil, Bafulatanin Ka'oje yana da shanu a dazukan Kandi, kuma mai tsaron ƙofar gidan kallo a garuruwan bakin iyaka ba ya mayar da mutum don ya miƙo sefa maimakon naira. Lissafin canji a kansa yake, ya riga rediyo sanin farashin ranar.

Gidan kallon kansa ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Fili ne aka kewaye da zana ko tsohon kwano, aka jera bencina, yara a gaba kan tabarma ko kan ƙasa tsurarta. Talabijin tana bisa tebur, an ɗora teburin bisa wani don na baya su hango. Janareto yana can bayan danga yana tari, an ja wayarsa nesa don kada ƙararsa ta danne magana, kuma duk da haka sai ta danne. A bakin ƙofa akwai allo, an rubuta fina-finan daren da alli. Mai gidan yana zaune gefen bidiyo, rimot a hannu, 'yar kwalbar fetur da farar takarda a ƙarƙashin kujera. Da hoto ya fara ruwa sai ya zare kaset, ya ɗaga murfi, ya ɗiga fetur a takarda ya goge kan bidiyon, jama'a na ta tsaki har ya gama.

Babban fim na dare Indiya ne ko na faɗa. Amma kafin mutane su gama taruwa, da kuma bayan an kashe bos, camama ake sawa. Tun bayan Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990, harkar fim a Kano ta riƙa girma har ta rabu gida biyu. Akwai na soyayya da rawa da waƙa, irin su Sangaya da Wasila, waɗanda 'yan fim ke kira santimental. Su ne masu jari da motar aro da gidan aro a unguwar masu kuɗi. Akwai kuma camama, wadda masu ita ke fita ƙauyukan bayan Kano da kyamara ɗaya, babu rubutaccen labari sai abin da aka tsara da baki a gindin bishiya, a gama ɗauka cikin 'yan kwanaki. Ba gwamnati, ba banki, ba babban kamfani. Kuɗin wani mai shago ne, ko na 'yan wasan da kansu. Yau in aka ce fim mai zaman kansa, sai a hango wani matashi mai gilashi a bikin fina-finan Turai. A ganina ba a yi masu zaman kansu kamar 'yan camama ba, don ko 'yan'uwansu 'yan fim kallon hadarin kaji suke musu.

Da wuya ka samu camama mai labari ɗaya miƙaƙƙe. Sunan fim ɗaya ne a kwali, amma cikinsa guntaye ne: ga ɗan wasa ya zama boka, ga shi ya ci bashin mai shayi, ga shi gaban alƙali, ga shi ya je zance an sako masa kare. Abin da ya haɗa su bai wuce fuskarsa da hularsa ba. Tsire ne, tsoka da kitse da hanta da albasa duk a tsinke ɗaya, kowa da yankan da yake jira. Masu gidajen kallo da suka gane haka sai suka ƙara gaba. Wanda ke da bidiyo biyu zai haɗa su da waya, ya tsinto wuraren da aka fi ƙyalƙyalewa daga kaset biyar ko shida, ya zuba a guda. Satar fasaha ce, ba ta da wani suna, kuma ta cuci 'yan wasan nan ƙwarai. Sai dai waɗannan kaset na haɗe-haɗe su suka fi kowane cika gida.

Mutanen da suka tashi da tashe ba za su yi mamakin haka ba. Daga goma ga azumi yara ke bin gida-gida: wannan ayari ya yi Tsoho da Gemu ya wuce, wani ya shigo da Jatau Mai Magani, 'yan mata su biyo da Mairama da Daudu. Kowane wasa minti kaɗan ne, kowanne da wanda yake zungura, a ba su hatsi ko a kore su. A kasuwa kuma ga 'yan kama da 'yan gambara. Kunnenmu ya saba da dariya guntu-guntu tun kafin a san lantarki. Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi a rediyo muka fi saninsa. Karambana na Ƙasimu Yero da Idon Matambayi na Sakkwato kuwa na masu talabijin ne a manyan garuruwa, mu sai wanda ya je birni ya dawo yana kwaikwaya mana. Kaset ne ya kawo abin har bakin Kwara.

Sarkin wancan zamani, ba gardama, Rabilu Musa ne, Ɗan Ibro, mutumin Ɗanlasan, wanda ya yi aikin gandiroba kafin ya koma wasa. Da shi da su Ciroki da Baba Ari da Daushe da Bosho. Ibro ba ya barin abin da duniya ke ciki ya huce. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 ya fito da Ibro Usama. Da kiɗan Awilo Longomba na Kwango ya mamaye kasuwanni, ya yi Ibro Awilo, kuma wannan a wajenmu ya fi karɓuwa da a Kano, don mu daga ƙetare muke jin Awilo dare da rana. A 2008 kotun tafi-da-gidanka ta Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ta ɗaure shi wata biyu a kan Ibro Aloko, tsohon gandiroba ya koma kurkuku ta ɗaya ƙofar. Ya rasu a Disambar 2014. Ranar nan har a tasha an yi ta'aziyya tsakanin mutanen da ba su taɓa ganinsa da ido ba.

Abin da nake son tsayawa a kansa shi ne 'yan kallo, don su ne rabin fim ɗin. Fim mai guntaye yana bai wa taro abin da dogon labari ba ya bayarwa: damar yanke hukunci nan take. In Indiya ta yi sanyi a tsakiya, dole ka haƙura, don kana son ganin yadda jarumi zai rama kisan ubansa. Camama ba ta bin kowa wannan bashi. Guntu ya fara, minti ɗaya, minti biyu, ba wanda ya motsa, sai ka ji daga baya: "Wuce da shi, wanga bai da daɗi!" Wani ya amsa, wani ya ƙara, mai gida ya danna rimot, 'yan wasa su yi ta gudu-gudu a talabijin har a kai na gaba. In kuwa guntu ya ci, ba a barin sa ya wuce sau ɗaya. "Maido muna baya! Maido!" A maimaita faɗuwar mutum cikin kwata har sai mai gida ya rantse cewa mai ya kusa ƙarewa. Washegari a kasuwa wannan kalma ce a bakin kowa, kuma duk mai kama da wanda ya faɗa kwata ya samu sabon suna ke nan har ya tsufa.

Taron kuma ba na Hausawa kaɗai ba ne. Benci ɗaya yana iya ɗaukar Bahaushe da Bafulatani da Bazabarme da Badande da mutumin Busa da Bakyange, ga Bayarabe bakanike, ga Inyamiri mai kemis da ya rufe shago ya zo. Yawancinsu suna jin Hausar ciniki, amma Hausar Ibro ta wuce ta ciniki, tana da habaici da gatse da baƙar magana mai sauri. Saboda haka dariyar gidan kallo a bakin iyaka kashi biyu take zuwa. In mari ne ko tsere ko tsagewar wando, gida duka yake tashi lokaci guda. In magana ce, sai kashin farko su fashe, sannan ka ji raɗa tana yawo: "Mi yac ce? Mi yac ce?" Wani ya juya ya fassara da Zabarmanci ko Fillanci, yana yi yana haɗiye dariya, sannan kashi na biyu su fashe, lokacin fim ya riga ya yi gaba. Sau da yawa mai fassarar ya fi ɗan wasan gishiri, don yana ƙara nasa, yana sa sunan wani da ke zaune a wurin. Akwai mutanen da ba don fim ake zama kusa da su ba sai don bakinsu.

Akwai wuri ɗaya da dariyar ke sarƙewa. A fina-finan Kano, in ana son nuna baƙauye ko wawa ko mai gadi, sau da yawa sai a sa masa harshenmu na yamma a baki. Da ya buɗe baki ya ce "mi" da "wanga" da "munka tai", an gama, Bakano ya fara dariya tun bai ji sauran ba. Mu kuma ga mu zaune, mun biya kuɗinmu, ana nuna mana cewa yadda uwayenmu ke magana shi ne abin dariyar. Nakan tuna ɗan shirun da ke biyo baya, na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Daga nan sai wani ya ceci gida. Ya miƙe ya maƙale murya, ya kwaikwayi Bakano yana taƙama da rigar aro, ko yana rantsuwa a kan farashin ƙarya, gida ya ruɗe, a tafa masa fiye da yadda aka tafa wa talabijin.

Wannan ramuwa ba ƙaramin abu ba ce. Yankinmu yanki ne na wasan barkwanci: Bafulatani da Babarbare, Bazabarme da Bagobiri, Bakano da Bazazzagi, taubashi da taubashi. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada, kamar yadda ake yin ta a Nijar, cikin kayan gadon duniya. Sharaɗinta ɗaya ne wanda kowa ya sani ba tare da an koya masa ba: wanda ka tsokana yana nan, yana jin ka, kuma zai rama. Kaset ba ya jin ramuwa. Ɗan wasan yana Wudil yana barci lokacin da muke jin haushinsa a Illo. Taron gidan kallo ne ya cike wannan giɓi, ya mayar da zagin da ya zo daga nesa ya zama wasa tsakanin tsara. Ban da taron, da abin ya zauna a ciki.

Kada in yi wa zamanin kwalliyar da ba tasa ba. Gidan kallo gidan maza ne. Macen kirki ba ta shiga, yaron kirki ma a ɓoye yake shiga, ya fito yana kakkaɓe ƙurar tabarma kada a gane. Malamai sun yi ta wa'azi a kansa, kuma ba duka maganarsu ce ta wuce gona da iri ba: yara na gudun makarantar dare, ana satar kuɗin cefane, kuma in dare ya raba wasu gidajen kan sa abin da ba a rubuta a allo ba. Da Kebbi ta bi sahun jihohin da suka ƙaddamar da shari'a a 2000, Kano kuma ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001, masu gidajen kallo sun ƙara shiga taitayinsu. Mata kuwa nasu kallon a ɗakin amarya yake, inda aka samu bidiyo cikin kayan gara, a aiko yaro ya karɓo kaset haya. Can ma taro ne, can ma ana hukunci, kuma waɗanda suka taɓa laɓewa a bakin labule sun san sharhinsu ya fi na maza kaifi.

Ta ɗaya ɓangaren iyaka ma kaya na shigowa. Fatake da direbobin da ke kwana a Malanbil su suka kawo mana labarin Bobodiouf, 'yan wasan Bobo-Julaso na Burkina Faso, da Suke da Siriki, sai kuma Gohu na Abijan. Faransanci suke yi, mu ko gaisuwa ba mu iya ba, amma yunwa da bashi da ƙaryar arziki ba su buƙatar tafinta.

Sauyin da ya biyo baya da sauri ya zo. Faifan sidi ya kori kaset, 'yan Sin suka kawo na'urar da talaka zai iya saya, aka fara sayar da faifai guda mai ɗauke da fim goma ko ashirin. Dish ya hau rufin gidaje, tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, daga baya ta kawo su Daɗin Kowa da Gidan Badamasi har tsakar gida. Gidajen kallo ba su mutu ba, ƙwallo ce ta gaje su: allon da ake rubuta Ibro a kai ya koma Arsenal da Chelsea da Barcelona. Sai waya ta zo ta gama da sauran. Yaro mai kwamfuta a bakin tasha zai tura maka fim cike da memori a kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba. Kasuwar faifai ta Kano ta durƙushe, manyan dillalai suka koma wata sana'a, 'yan fim suka watsu, wasu YouTube, wasu fim mai dogon zango.

Wasu kuma suka koma silima, amma sabuwa: Filmhouse da aka buɗe a cikin Ado Bayero Mall a Kano, mai sanyin na'ura da kujerar katifa da gugguru a kwali. Daga Bagudo tafiyar yini guda ce, kuɗin mota ya ninka na tikiti sau da yawa. Na shiga na ga fim ɗin barkwanci a can. Ana dariya sosai, Kanawa ba su iya kallo shiru ba. Amma rimot yana wani ɗaki da ba ka gani, guntun da bai yi daɗi ba dole ka zauna ya ƙare, kuma wanda ke gefenka ba ka san sunan ubansa ba, balle ka juya ka ce da shi aka yi wannan.

A duniyar fim, wannan tsari na gajerun labarai a fim ɗaya yana da daraja. Relatos Salvajes na ƙasar Ajantina, wanda ya fito a 2014, labarai shida ne na mutanen da haushi ya kai su bango, har ya shiga takarar Oscar. A Nijeriya ma matasa uku, C.J. Obasi da Abba Makama da Michael Omonua, sun haɗa Juju Stories a 2021, kowa da nasa kashin. Ƙorafin da masu sharhi suka saba yi wa irin waɗannan fina-finai ɗaya ne: wani kashi ya fi wani. Nakan yi murmushi in na karanta haka. 'Yan bencin baya sun san wannan tun tuni, har da maganinsa.

Abin da bai taɓa zuwa mana a rai ba a wancan zamani shi ne mu ma mu yi namu. Kyamara abin Kano ce. Yanzu tana aljihun kowane ɗan acaɓa, kuma rayuwar bakin iyaka ta ba shi abin ɗauka har ya yi yawa. A Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa. A Nuwamba aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutanen da ke zaune a ƙasarsu suka koma sayen mai kamar kayan sata. Da aka buɗe iyakoki huɗu a Disambar 2020, Seme da Illela da Maigatari da Mfum, tamu ba ta ciki. A farkon 2023 aka yi ƙarancin takardun naira, a ƙarshen Mayu aka cire tallafin mai, naira ta zube, sefar da muke rainawa ta zama abin nema. Wanda ya rayu cikin wannan, ko ya yi kuka ko ya yi camama.

Wasu samari a wani gari na bayan Kwara sun zaɓi ta biyu, ɗaya daga cikinsu ɗan ƙanwata ne. Da waya biyu suka ɗauka, suka haɗa guntaye huɗu, suka roƙi mai gidan ƙwallo ya ba su daren da babu wasa. Yanzu ba zana ba ce, ginin bulo ne da rufin kwano da fanka da babbar talabijin ta bango, ga sola a sama. Gida ya cika har ƙofa, don kowa yana da ɗan'uwa a ciki.

Na farko a kan wani ɗan fasa-ƙwauri ne da ya naɗe buhun shinkafa da zane da lulluɓi, ya goya shi a babur a matsayin matarsa mai naƙuda. A shinge mai kaki ya tausaya, ya ce lalle sai ya raka su asibiti da kansa. Tun daga nan ba a ƙara jin abin da ake faɗa ba. Mutane na dukan benci, wani ya faɗo ƙasa, kuma da "mai naƙudar" ta fara zubar da tsaba ta ƙasan zane, na ga dattijo mai furfura yana share hawaye da hannun riga. Dalilin bai wuce wannan ba: rabin gidan sun san hanyar da aka ɗauki wasan, wasu sun bi ta da dare da fitila a kashe. Harshen kuma namu ne tsantsa, ba a matsayin abin dariya ba, a matsayin yadda mutane ke magana. Wawan wasan ma shi ne mai Hausar birni. Na lura ba wanda ya yi raɗar neman fassara sai wani baƙo daga gabas.

Na biyu, ɗan canji ne da ke ba da rance da naira yana karɓa da sefa. Ana cikin dariya sai wata murya ta ce, "Kai, wanga ba wane na ba?" Aka ambaci suna. Tafiyar tasa ce, yadda yake lasar yatsa kafin ya ƙirga kuɗi nasa ne, kuma mutumin yana zaune a layi na uku. Kowa ya juya. Ya ɗan yi jim, sannan ya miƙe ya nuna ɗan wasan da ke tsaye jikin bango, ya ce, "Kai yaro, gaya ma tsohonka ya biya ni jikkata biyar kahin ka sake kwaikwayo na." Gida ya kife. Yaron ya rufe fuska da hula. Rabon da in ji irin wannan dariya tun zamanin kaset, kuma wannan karon wanda aka tsokana da wanda ya yi tsokanar suna ƙarƙashin rufi ɗaya.

Wannan kusanci yana da tsadarsa. Ibro yana iya zagin boka ya kwana lafiya, don bokan ba kowa ba ne. Yaron da ya kwaikwayi mai unguwa ko ɗan siyasar garinsu gobe a masallaci ɗaya za su yi sallah. A Nuwambar 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu 'yan TikTok bulala ashirin-ashirin da tara da sharar harabar kotu, saboda wasan da suka yi a kan gwamnan lokacin. Samarin nan sun san labarin. Shi ya sa mai kakin da ke wasansu ba shi da tambari a kafaɗa, kuma guntu na uku, wanda ya taɓa masu rabon taki, an yi masa dabaibayi har ya rasa haƙora. An yi masa dariyar kara, aka wuce.

Na huɗu shi ne ya faɗi warwas. Kwaikwayo ne na irin abin da ake gani a waya daga Legas da ƙasashen waje: saurayi ya sa farin ƙyalle ya laɓe, ya tsorata masu wucewa, an ɗora sautin dariyar gwangwani da kiɗa mai tsalle. Ba magana, ba labari, ba wanda aka sani. Minti ɗaya bai cika ba na ji abin da na daɗe ban ji ba, daga can baya: "Wuce da shi!" Mai gida ya duba samarin, suka sunkuyar da kai, ya wuce da shi. Aka nemi a maido na buhun shinkafa, aka maido.

Bayan 'yan makonni na haɗu da ɗan ƙanwar tawa a tasha, na tambaye shi ko za su sake nunawa. Ya ce mai gida ya ce sai bayan kakar ƙwallo, kuma ko an nuna, abin da aka tara a ƙofa bai biya kuɗin mai da data ba. Sun yanka fim ɗin huɗu sun sa a TikTok da Facebook, don ba mai zama ya kalli minti arba'in a waya. Inna, in ji shi, ta kalli na shinkafar a wayar jikarta har ta ƙware, ita da ba ta taɓa taka ƙofar gidan kallo ba. Sai ya ciro wayar ya nuna mini lissafin masu kallo. Na shinkafa da na ɗan canji sun zagaya garuruwanmu da Segbana da Gaya, sun tsaya. Na farin ƙyallen, wanda aka kora a gida, ya yi musu nisa ba kusa ba, ana ta turo saƙo daga wuraren da ba a jin Hausa ko kaɗan.

Na ce, "To yanzu fa?"

Ya ce, "Wallahi Kawu, wanda kunka ƙi shi duniya ka so. Mun sawo ƙyalle na biyu."